Rinin aikin zuciya da ƙoda mai rauni: ku da kuka shiga, yaya kuka yi?

Maman Abba: Assalamu alaikum. Ranar Talata za a yi wa mahaifiyata hoton jijiyoyin zuciya, wanda ake zura siririn bututu a jijiya a zuba rini. In an ga toshewa, za a buɗe a sa mata sitent, wato ɗan bututun raga da ke riƙe jijiyar a buɗe. Shekararta 71, tana da ciwon suga tun da daɗewa, kuma gwajin ƙodarta na eGFR, mai auna ƙarfin tacewar ƙoda, ya nuna 38, alamar ta yi rauni. Likita ya ce rinin na iya taɓa ƙodar, tun daga nan barci ya ƙaurace min. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa min yadda ta kasance.

Alhaji Buba: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni da kaina aka yi wa, ƙodata ma a lokacin 41 take. Tun daren jajibiri suka kwantar da ni suka ɗaura min ƙarin ruwa, ruwan gishirin nan na asibiti, yana ɗiga a hankali awa 12 kafin aikin, awa 12 bayansa. Ta wuyan hannu suka shiga. Da aka zuba rinin na ji wani ɗumi ya ratsa ƙirjina, nan da nan ya wuce. Sun ba ni gora mai layin awo, duk fitsarin da na yi sai nas ta duba ta rubuta. Kwana biyu bayan nan aka ɗebi jini, kiriyatinin, dattin da ke ƙaruwa a jini in ƙoda ta yi rauni, ya ɗan ɗaga, kafin kwana goma ya koma inda yake. Ki kwantar da hankalinki.

Hajiya Laraba: Maman Abba, ni dai abu biyu nake roƙonki, don su suka kusa raba mu da maigidana. Yana fama da ciwon gwiwa, kullum sai ya sha diclofenac, har ya daina ɗaukarsa a matsayin magani. Da aka tambaye shi abin da yake sha, na hawan jini da na suga kaɗai ya lissafa. Ni ma ina zaune a wurin, bai zo min a rai ba. Aka yi aikin da safe, aka sallame mu da yamma, kuma babu wanda ya ce mana mu dawo gwajin jini. Da ya koma gida gwiwar ta motsa, ya ci gaba da shan ƙwayarsa.

Kwana biyu na farko lafiya lau, har yana ta yabon yadda numfashinsa ya buɗe. A rana ta huɗu na zo sa masa takalmi, ya ƙi shiga. Na danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai a lokacin ya ce min tun jiya fitsarinsa ya ragu, ga tashin zuciya. Da muka koma, kiriyatinin ɗinsa ya ninka. Sati biyu muka yi a kwance, kullum ana maganar ko za a kai ga wankin ƙoda. Allah ya taƙaita ba a kai ba, amma har yau ƙodar ba ta koma yadda take ba. Abin da ke ci min rai, ciwon bai yi ƙara ba, babu zafi babu komai, jini ne kaɗai zai tona shi da wuri. Ki kwashi duk wani magani da ke ɗakin Mama, har na gargajiya, ki zube wa likita a kan tebur. Kuma kada ku bar asibitin sai an rubuta muku ranar gwajin jini.

Sista Rabi: Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake wannan aikin, bari in ƙara a kan maganarki. Rinin yana ɗauke da sinadarin aidin, kuma ƙoda ce ke tace shi. Yana matse ƙananan jijiyoyin cikinta, jini ya ragu, sannan yana iya ƙona 'yan bututun da ke tace fitsari. Su diclofenac da ibuprofen su ma rage jinin ƙoda suke yi, ka ga an haɗa mata biyu ke nan. Kiriyatinin yakan fara tashi cikin awa 24 zuwa 48, shi ya sa gwajin ranar sallama ba ya wadatarwa.

Waɗanda muka fi sa wa ido su ne masu eGFR ƙasa da 30, sai masu suga, masu raunin zuciya, tsofaffi da masu ƙarancin jini. Mama tana tsakiya, ba a cikin mafi haɗari take ba, amma sugan da shekarun sun isa a yi taka-tsantsan. Ki tambayi likita yawan rinin da yake shirin zubawa. Akwai ƙa'idar da ake bi cewa kada mililita na rinin ya haura ninki 3.7 na adadin eGFR, wasu likitocin ma ƙasa da haka suke tsayawa. In toshewar ta yi yawa, akan raba aikin gida biyu a ba ƙoda hutu a tsakani. In tana shan maganin suga metformin, ki tambaya: galibi ana dakatar da shi awa 48 bayan aikin, sai an ga ƙoda lafiya a ci gaba, don in ƙoda ta gaza yana taruwa a jini.

Malam Isiyaku: Sista, ni wani magani aka ba ni ina narkawa a ruwa, acetylcysteine, wai yana kare ƙoda. Ba za a ba Hajiyar ba?

Sista Rabi: Malam, da ana bayarwa sosai. Amma babban binciken nan PRESERVE da aka wallafa a 2018, a kan mutum kusan 5,000, ya nuna bai ƙara komai ba, haka ma ruwan bicarbonate bai fi ruwan gishiri ba. Ruwan ma da awo ake ba da shi. Mai raunin zuciya in aka cika masa, huhu yake taruwa, don haka akan rage gudunsa zuwa rabi. Kada a ɗura wa Mama ruwa a gida babu shawarar likita.

Ɗan Baba: Namu cikin dare ne, bugun zuciya ya kama Baba, babu lokacin ƙarin ruwa na awa 12. Yayana ya tsaya yana jan ƙafa wajen sa hannu saboda tsoron ƙoda. Likitan ya ce masa kowane minti naman zuciya ke mutuwa, ƙodar kuma za su kula da ita. Muka sa hannu. Ƙodar ta ɗan girgiza, ta dawo. Anti, kada tsoron rinin ya sa ku fasa aikin da ake bukata.

Maman Abba: Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na bi maganarki, jiya na zazzage jakar Mama. A ƙaramin aljihu na tarar da ibuprofen, saura ƙwaya uku a fakitin, ashe shi take sha don ciwon baya ba ta taɓa faɗa ba. Na kira likita, ya ce ta daina yanzu, ya canza mata da paracetamol. Za a kwantar da ita daren Litinin a fara ƙarin ruwa, metformin kuma za a ajiye shi sai bayan gwaji. Ya rubuta mana ɗibar jini ranar Alhamis, takardar tana cikin jakata. Ku sa mu a addu'a.