Wai me ya raba Nirvana ne?

Sadiq_jita: Salam 'yan uwa, na fara jin ƙungiyar mawaƙan rock ɗin nan Nirvana kwanan nan, muryar nan ta kama ni wallahi, amma me yasa album ɗinsu uku kacal?

Maman_Hanan: Ai ba rabuwa sukai ba ƙanina, mawaƙinsu Kurt Cobain ne ya rasu a Afrilun 1994 yana ɗan shekara 27, shikenan komai ya tsaya. Shi da Krist Novoselic suka kafa ta a garin Aberdeen na Amurka a 1987.

Baffa_K: Album ɗinsu Nevermind ta 1991 ce ta ɗaga su, har ta ture Michael Jackson daga saman jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard, yara ne fa masu yagaggun wanduna! Mai gangarsu Dave Grohl kuma daga baya ya ɗau jita ya kafa ƙungiyarsa Foo Fighters.

Sadiq_jita: Kai, raina ya sosu gaskiya. Nagode Yaya.