Labarin da aka buga da wanda aka danne: me kuka gani da idonku?

Tsohon wakili a Maiduguri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Maiduguri ranar 6 ga Janairun 2019 da sojoji suka shiga ofishin Daily Trust suka tafi da editan shiyya da wakili ɗaya, suka kuma mamaye babban ofishin jaridar a Abuja har sai da fadar shugaban ƙasa ta ce su janye. Abin da ya jawo haka, jaridar ta buga cewa ana shirin farmakin ƙwato garin Baga na jihar Borno, wanda ya faɗa hannun ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, a ƙarshen Disamba. Rundunar soja ta ce an tona mata shiri. Ranar duk ranmu ya ɓaci, amma ni har yau abin yana cin zuciyata, domin na taɓa riƙe labari kwana uku saboda wani hafsa ya roƙe ni, ya ce ayarinsu bai isa ba. Ban yi nadama ba. Na kuma taɓa danne labarin mutuwar sojoji don tsoro, wannan kam na yi nadama. Wanda abin ya taɓa shafa, don Allah ya ba mu nasa.

Sajan mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Abu uku ke kashe soja a hanya: a san ranar tashi, a san hanyar, a san yawan motoci. Mai dasa nakiya ba ya neman fiye da haka. Na ga motar gabanmu ta taka, mutum huɗu a ciki da muka ci tuwo kwano ɗaya da daddare. Don haka duk wanda ya buga shiri kafin a tashi, ban ga uzurinsa ba.

Sai dai zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba jarida ce babbar kafar da labari ke zurarewa ba. Infoma na kasuwa yana ƙirga buhunan shinkafar da aka sayo wa sansani. Yaranmu ma su ɗauki hoto da bindiga su sa a Facebook, ga hasumiyar masallacin garin a bayansu. Kuma lokacin da jaridu suka riƙa rubuta cewa harsashi ba ya isa, alawus ba ya zuwa, wallahi a ɓoye muke karantawa muna sa musu albarka. Bakinmu a ɗaure yake, su ne ke magana a madadinmu.

Matar soja:
Baba Sajan, Allah ya saka da alheri. Ni nawa na bayan harin da aka kai sansanin soja na Metele a Borno ne, Nuwamban 2018. Maigidana yana wajen. Waya ba ta shiga, ba wanda ya zo ya ce mana ci kanku. Sai bidiyo ya fara yawo, motoci a ƙone, wani soja yana magana cikin ɓacin rai. Na kalla ya fi a ƙirga, ina tsayar da shi ina leƙen fuskoki. Sanarwar rundunar soja da ta fito daga baya ta ce mutum 23 suka rasu, jaridu na cewa sun fi haka nesa ba kusa ba, mu kuma a bariki gidajen da aka daina jin muryar maigida muke ƙirgawa. Nawa ya kira ranar kwana na tara da wayar wani. Maƙwabciyata kuwa a wayar ɗanta ta ga gawar mijinta, tana tsaka da wanki. Har yau ban yafe wa wanda ya yaɗa hoton nan ba. Amma da jaridu sun yi shiru gaba ɗaya, da ban san ma an kai hari ba.

Ɗan kato da gora:
A watan Mayun 2013 da aka sa dokar ta-ɓaci a Borno, Yobe da Adamawa aka katse layukan waya. Ya taimaka mana, don masu kai rahoto daji sun rasa hanya. Amma jita-jita ta yi yawa, kowa da irin tasa. Rediyo kawai muke kamawa da asuba mu ji ko wane gari aka kwana lafiya.

Mai shago a Difa:
Mu nan Nijar an rufe RFI tun Agustan 2023, sannan a Disamban 2024 aka dakatar da BBC wata uku kan labarin wani hari. Ƙanena soja ne. Labari bai daina zuwa ba, sai ya koma saƙon murya a WhatsApp, ba ka san mai magana ba, ba ka da wanda za ka tuhuma in ƙarya ce. Sau biyu ana kashe ƙanen nawa a baki, mahaifiyarmu na suma.

Tsohon wakili a Maiduguri:
Hajiya, Allah ya jiƙan mijin maƙwabciyarki, ya raya abin da ya bari. Labarin da na ce na danne, irin wannan ne, sunaye na hannuna a takarda. Ki taimaka ki tambaye ta, in ba zai tayar mata da ciwo ba: da a ce wakili ya zo mata a kwanakin nan kafin ta ga hoton, za ta so ya faɗa mata, ko ya jira?