Jama'a me za mu kira preemption da Hausa?

Salam 'yan uwa, jiya ina fassara wani labari na Amurka kan mafi ƙarancin albashi sai wannan kalma ta tsaya min a wuya. Abin da take nufi dai shi ne jiha ta yi doka ta ce ita kaɗai ke da ikon yanka mafi ƙarancin albashi, birni ko ƙaramar hukuma ba su isa su ƙara ko sisi a kai ba.

A can gwamnatin tarayya ta tsaya a dala 7.25 duk awa tun 2009, su da awa suke lissafi ba wata ba, har ma ina ganin lada ya fi albashi dacewa amma wannan rigimar wata rana ce. To birane irin su Seattle sai suka yi gaban kansu, a 2014 suka amince da dala 15.

Wani malami ya ce min "shan gaba". Da farko ta zauna min daram, saboda a Birmingham ta jihar Alabama haka aka yi, birni ya yanka dala 10.10 a 2015, kafin kuɗin su shiga aljihun ma'aikata majalisar jiha ta sha gabansu da doka a Fabrairun 2016. Amma ku duba St. Louis a Missouri, an fara biyan dala 10 a Mayun 2017 mutane sun ɗanɗana, a watan Agusta dokar jiha ta dawo da su 7.70. Wannan ai ba gaba aka sha ba, loma aka cire daga baki.

Wata 'yar uwa ta kawo "babakere", ni kuma ina ganin akwai zagi a ciki, mai fassara labari ba ya ɗaukar ɓangare. "Ƙwace iko" ma haka, kuma ba ko'ina birnin yake da ikon tun farko ba balle a ƙwace.

Ni dai na tsaya a kan "dokar ɗaure hannu", jiha ta ɗaure wa birni hannu ko kafin ya motsa ko bayan ya motsa. Har kishiyarta ta samu, don a 2019 Colorado ta kwance wa biranenta hannu, Denver ta yanka nata daga 2020. Malaman Hausa da ke nan, in da wadda ta fi wannan don Allah a taimaka kafin in miƙa aikin gobe.