Tattara takardun tarihi na masu sunan iyali ɗaya: daga ina ake farawa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da ma'adanar takardun tarihi. Idan mutum yana son tattara abin da aka rubuta a kan masu amsa sunan iyali ɗaya, a ƙasashen da sunan ke bin zuri'a daga kaka har jika, wane kundi ake fara buɗewa? Kuma yaya ake gane wannan da wancan 'yan gida ɗaya ne, ba suna ne kawai ya zo ɗaya ba? Da an rubuta sunan a shafin bincike sai ɗaruruwan mutane su zubo, a rasa bakin zaren.

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara cire rai da samun akwati guda mai ɗauke da sunan a jikinsa. Ma'adana tana jera takardu ne bisa ofishin da ya samar da su: na kotu daban, na coci daban, na haraji daban, na soja daban, kuma a tsarin da ofishin ya bar su. Don haka kafin ka nemi sunan, ka tambayi kanka wane ofishi ne ya taɓa samun dalilin rubuta shi, a wane gari, a wace shekara.

Daga baya-bayan nan ake farawa a yi baya, kada ka yi tsalle. Ɗauki Ingila da Wales misali. Rajistar gwamnati ta haihuwa, aure da mutuwa ta fara ne ranar 1 ga Yuli 1837. Kafin nan sai rajistar coci, wadda aka wajabta tun 1538, kodayake da yawa daga kundayen farko ba su tsira ba. A ƙasashen Katolika kuwa babban taron cocin da aka yi a Trent ne ya wajabta rajistar baftisma da ta aure a 1563. Tsakanin waɗannan sai ka sa ƙidayar jama'a, domin ita ke nuna maka gida guda a zaune. A Ingila da Wales ta 1841 ce ta fara kawo sunan kowa, amma ta 1851 ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, saboda ta faɗi dangantakar kowa da maigida da garin da aka haife shi. A Amurka ƙidayar 1790 sunan maigida kaɗai ta ɗauka, sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci, waɗanda aka bautar kuwa sai 1870 yawancinsu suka fara bayyana da sunayensu.

Ka san giɓin tun da wuri don kada ka ɓata wata guda kana neman abin da babu. Yawancin ƙidayar Amurka ta 1890 ta salwanta sanadin gobarar 1921. Ta Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba saboda yaƙi, shi ya sa ake dogaro da rajistar jama'a ta Satumba 1939. A Dublin gobarar 1922 ta cinye kusan duk ƙidayar ƙasar Ireland ta 1821 zuwa 1851 da tarin wasiyyoyi. Inda ƙidaya ta ɓace, a koma kan jerin masu biyan haraji, na masu zaɓe, da takardun filaye.

Malamar Laburare:

Malam ya shimfiɗa hanya. Ni kan rubutun sunan zan tsaya, don a nan aka fi yin asara ba a sani ba.

Da yawa daga mutanen da ke cikin kundayen nan ba su suka rubuta sunansu ba. Akawu ne ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Mutum ɗaya sai ya fito Smith a aurensa, Smyth a haihuwar ɗansa, Smythe a wasiyyarsa. Kafin ka fara nema, ka zauna ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan: canza wasula, ninka baƙi, cire harafin ƙarshe. Shafuka da yawa suna karɓar alamar tauraro a madadin haruffa, ka yi amfani da ita.

Akwai kuma tsarin Soundex da ke haɗa sunaye bisa sauti. Ana barin harafin farko, a watsar da wasula da H, W, Y, a ba sauran lamba: B, F, P, V lamba 1, C, G, J, K, Q, S, X, Z lamba 2, D da T lamba 3, L lamba 4, M da N lamba 5, R lamba 6. Haruffa masu lamba ɗaya in suka zo a jere, har da harafin farko, sau ɗaya ake ƙirga su. Lamba uku ake ɗauka, in ba su cika ba a cike da sifiri. Smith da Smyth da Schmidt duk S530 suke fitowa. Rauninsa shi ne harafin farkon nan: Carr zai zama C600, Karr ya zama K600, ba za su taɓa haɗuwa ba sai ka nemi kowanne da kansa.

Fihirisar da kake gani a intanet kwafi ce, wani ne ya karanta tsohon rubutun hannu ya buga. Doguwar "s" ta da tana kama da "f", manyan L da S suna rikiɗewa, haka "u" da "n". Kada ka yarda da fihirisa sai ka buɗe hoton shafin asali ka gani da idonka. In sunan ya ƙi fitowa, nemi matar ko ɗan da sunansa na farko ba a cika samun irinsa ba, ko ka bi shafukan unguwar ɗaya bayan ɗaya.

Shekaru ma suna yaudara. A ƙidayar 1841 an umarci masu ƙidaya su rage shekarun wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, don haka mai 29 zai fito 25. Kuma kafin 1752 shekarar Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, wato abin da aka rubuta Fabrairu 1740 a lissafinmu na yau 1741 ne.

Mai Bin Salsala:

Kan tambayarka ta biyu, Malam, suna ɗaya ba hujjar jini ba ne, kuma tarihin sunayen kansa ya nuna haka. Smith daga sana'ar ƙira ya fito, kowane gari kuwa da maƙerinsa. A Filifin, dokar Clavería, gwamnan mulkin Sifaniya, ta 1849 ta sa an raba wa iyalai sunaye daga wani kundi da aka tsara, shi ya sa za ka ga sunan Sifaniyanci a gidan da ba shi da kaka Basifaniye. Turkiyya sai 1934 ta wajabta sunan iyali, Holan a 1811. A Suwidin ta da, Andersson na nufin ɗan Anders kawai, jikan zai ɗauki wani sunan. Saboda haka ka fara gano lokacin da sunan ya tsaya cak a ƙasar da kake nema. Abin da ya gabaci wannan ba a bin sa da suna.

Kada ka haɗa takardu biyu a kan mutum ɗaya sai abu uku aƙalla sun dace ban da sunan: wuri, shekara, da na uku kamar sunan mata, sana'a ko gonar da ya mallaka. Buɗe tebur, kowace takarda layi guda: sunan yadda aka rubuta shi harafi da harafi, kwanan wata, gari, irin takardar, sauran sunayen da ke ciki, ma'adana, lambar kundi da shafi. Har kundin da ka duba ba ka samu kome ba ka rubuta shi. Shaidun aure da na wasiyya ka kula da su sosai, sau da yawa su ke raba maka gida biyu masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya. Wani tarkon kuma: idan yaro ya rasu, iyaye kan sake ba ƙaninsa sunan, sai ka ga baftisma biyu. Nemi rajistar binnewa tsakaninsu.

Inda takarda ta ƙare, gwajin ƙwayar halitta ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga uba, yana nuna ko reshe biyu kaka ɗaya suka haɗa, amma ba zai faɗa maka sunan kakan ba.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri. Bishiyoyin zuri'a da mutane ke ɗorawa a intanet fa, a ɗauka?

Malamar Laburare:

Ka ɗauke su a matsayin manuniya kawai, Malam. Duk reshen da ba a nuna kundi da shafinsa ba, ka ajiye shi gefe har ka gani da kanka, don kuskure ɗaya ake kwafa hannu zuwa hannu. Na rayayyu kuma kada ka wallafa ba da izininsu ba. Ƙidaya ma a rufe take shekara 100 a Ingila, 72 a Amurka.