Damo ne, guza ne, ko me za mu kira iguana da Hausa?

Mai Tattabaru:
Assalamu alaikum jama'a. Neman suna nake yi. Wani abokin kasuwancina da ya tashi daga Kano ya bar mini dabbar nan da Turawa ke kira iguana. Kore ne shar, ga ƙayoyi jere tun daga ƙeya har jela, ga wata fata tana reto a ƙarƙashin haɓarsa. Gidan kuma cike yake, akwai kyanwoyi, akwai kaji, ga tattabaruna a saman soro. Hajiyarmu tana ce masa guza, yara suna cewa ƙadangaren Turawa, maƙwabcina kuwa da ya leƙo ya ce damo ne, har yana tambaya ko na sayarwa ne. Ga hotonsa nan na saka. Masana, wanne ne daidai?

Ɗan Farauta:
Wa alaikumus salam. Na duba hoton, Alhaji. Wannan ba damo ba ne, ba kuma guza ba. Damo ɗan rami ne, jikinsa kalar ƙasa. Guza kuwa a bakin ruwa ake samunsa, harshensa a rabe biyu kamar na maciji, abincinsa ƙwai da kwaɗi da kifi, in ya samu 'yan tsaki ma ba ya ƙi. Abin da ya kawo ruɗanin, masu jin Turanci a ƙasar nan da yawa guza suke kira iguana. Mu dai ba mu taɓa tayar da irin naka a dajinmu ba.

Almajirin Zaure:
Ni ina ganin a bar shi a damo. Dabbar nan ta hamada da Larabawa ke kira dabbu, wadda Khalid ɗan Walid ya ci namanta a gaban Manzon Allah (SAW), ai damo malamanmu suka fassara ta, kuma ganye take ci. Tunda kalmar ta ɗauki wancan, me zai hana ta ɗauki wannan?

Likitan Dabbobi:
Malam, a gafarce ni, ni da nake ganin abin da suna ke jawowa ba zan goyi bayan damo ko guza ba. A gidan Bahaushe yadda aka kira dabba haka za a ciyar da ita. Yau in Hajiya ta ci gaba da cewa guza, gobe yaro zai fasa masa ƙwai ko ya jefa masa hanjin kaza yana ganin alheri ya yi. Shi kuwa wannan ganye kawai yake ci, nama da ƙwai da abincin kyanwa a hankali suke kashe masa ƙoda. A ba shi ganyen zogale da kuɓewa da kabewa a yanka ƙanana, gwanda ko mangwaro kaɗan don marmari. Alayyafo jefi-jefi, domin yana hana jiki amfana da sinadarin kalsiyam. Latas kuma ruwa ne kawai.

Damo kuma sarkin haƙuri muke ce masa, wannan kuwa ba shi da shi. Babbansa yana kai mita ɗaya da rabi ko fiye, in ya fusata da jela yake bulala, yana cizo, farcensa na hawan bishiya ne. Asalinsa dazuzzukan Meziko zuwa Barazil, a kan rassan da ke saman ruwa yake wuni. Yana iya shekara 15 zuwa 20 in an kula da shi, saboda haka Alhaji ka san abin da ka karɓa.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Ka ware masa keji babba mai tsawo, da reshe mai kauri a ciki, ƙofar da kyanwa ba za ta iya turawa ba. Kar ka ce bari a haɗa su su saba. Haƙorin kyanwa siriri ne, raunin ba ya nunawa, amma ƙwayoyin cutar bakinta suna iya kashe shi cikin kwanaki. Kejin kuma kar ya zama a ƙarƙashin inda tattabaru ke shawagi. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan tabo fari-fari, ido ne na uku da ke gane giftawar inuwa daga sama, duk abin da ya gifta shaho ne a wurinsa. Kai ma in za ka ɗauke shi ta gefe za ka zo. Ranar Kano ta ishe shi, amma ta taɓa jikinsa kai tsaye, don gilashin taga yana tare hasken da ke sa ƙashinsa ƙwari, in ya rasa shi haɓa ta yi laushi ƙafafu su kumbura. Wurin shan hantsinsa ya kai digiri 35, da inuwar da zai gudu in rana ta take, musamman a watan Afrilu. Hunturu ne babban abokin gabarsa, ga sanyin dare ga bushewar iska. A shigar da shi ɗaki da dare, a riƙa fesa masa ruwa, a ajiye masa baho. Sannan yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kar a wanke kwanonsa a madafa, ƙananan yara kuma su tsaya a kallo.

Malamar Hausa:
Likita ya gama magana a kan damo da guza. Saura na yara, ƙadangaren Turawa. Hanyar da suka bi tsohuwa ce, kuma ba ta cika faɗin gaskiyar asali ba. Ɓeran Masar daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, bai haɗa komai da Masar ba. Dankalin Turawa ma can ne mahaifarsa. Masara kuwa 'yar Meziko ce. Bahaushe yana laƙaba wa baƙo sunan wanda ya rako shi ne. To wannan ba Bature ne ya rako shi ba, kuma a ƙasar Turai ba zai kwana a waje ba. A Fulorida ta Amurka, inda suka yaɗu har hukuma ta hana kiwonsu a 2021, in sanyi ya yi tsanani sandarewa suke yi su riƙa faɗowa daga bishiya.

Ita kalmar iguana ma ba Turanci ba ce. Sifaniyawa ne suka ji ta a bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan, masu cewa iwana, Ingilishi ya ara daga gare su. Tunda kowa aro ya yi, mu ma mu ara, mu rubuta yadda bakinmu ke faɗa: igwana. Kamar yadda muka karɓi mota da tebur ba wanda ya ce mun yi asara.

Ɗan Farauta:
Malama, Hajiya ba za ta ce igwana ba, gwana za ta ce.

Malamar Hausa:
Shi ya sa nake so a riƙe harafin farkon, Baba. Gwana muna da ita, macen gwani. Ka ga in aka ce gwana ta ƙi cin abinci sai a yi ta neman wace ce. Amma ka taɓo gaskiya, baƙuwar kalma tana son 'yar rakiya kafin ta zauna. Ni shawarata ƙadangaren ganye. Launinsa ruwan ganye, abincinsa ganye, duk wanda ya ji sunan ba zai miƙa masa tsoka ba.

Almajirin Zaure:
Na janye damo, tunda maƙwabci har ya fara wasa wuƙa. Amma Malama, igwana ne ko igwana ce? Jam'i fa?

Malamar Hausa:
Nan ne ban yanke ba. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, amma 'yan gidansu, guza da kada, duk maza ne, kuma ka lura duk wanda ya yi magana a nan "shi" ya ce ba tare da ya yi tunani ba. Ni zan bi bakin jama'a in ce igwana ne. Jam'i igwanoni, kamar taga da tagogi, ko da yake ban ga mai buƙatar biyu a gida ɗaya ba, don mazansu faɗa suke yi.

Mai Tattabaru:
Allah ya saka da alheri. Igwana a rubuce, ƙadangaren ganye a tsakar gida. Na gwada wa Hajiya, ta ce to, amma in ya taɓa mata kaji guza ne. Likita, kafinta zai zo da yamma, kejin katako da raga ya fi ko na ƙarfe?

Likitan Dabbobi:
Katako da raga mai ƙananan ido, Alhaji. Ƙarfe zai ƙona shi a ranar Kano. Kajin Hajiya kuma ba ruwansa da su, dusarsu dai a ɗauke ta daga inda zai kai baki.