Masu jiran lasisin haƙar ma'adinai, wata nawa fayil ɗinku ya yi?

Baban Ummi, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa wajen neman takardar izinin haƙa. Bari in fara da nawa. Mu huɗu muka haɗa jari don haƙar farar ƙasa a yankin Alkaleri, muka nemi ƙaramin lasisi, irin na shekara 5 ɗin nan. Dokar ma'adinai ta 2007 kwana 45 ta ɗiba wa irin wannan buƙata. Namu yau wata 14 ke nan. Ana cikin jiran, dattijon da ya sa mana hannu a takardar amincewar mai fili Allah ya yi masa rasuwa, aka ce sai magada sun sake sa hannu. Su tara ne, biyu suna Legas, ɗaya ta ce ba ta san da wannan ciniki ba. Injin niƙan da muka saya da kuɗin gonar ɗayanmu yana nan lulluɓe da tamfol a bayan gidana, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Wallahi duk safiya in na gan shi sai gabana ya faɗi.

Ɗan Anka:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan dattijo. Mu a Zamfara takardar tana hannunmu aka rufe haƙa gaba ɗaya a watan Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Dalilin tsaro ne, kuma wanda ya binne 'yan'uwansa kamar ni ba zai ce ƙarya ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ramukan ba su huta ba. Mu da aka san sunanmu da adireshinmu muka zauna a gida, waɗanda ba su da ko fallen takarda suka ci gaba da fitar da zinare. Kuma su ne ke niƙa dutse a bushe kusa da gidaje, abin da ya jawo gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Bagega da ƙauyukan kewaye a 2010. Abokin harkata da ya yi alkawarin kawo injin wankewa ya jira ni shekara biyu, daga baya ya kwashe kuɗinsa ya koma Nasarawa harkar litiyom. Ban ga laifinsa ba.

Hajiya mai kuza, Bukuru:
Alhaji Baban Ummi, ko takardar Abuja, wato lasisin gwamnatin tarayya, ta fito, akwai ta jiha a gabanka. A Fabrairun 2025 aka dakatar da haƙa a Filato, mu masu saye muka tsaya cik. Mata goma sha biyu ke wanke mini kuza, wasunsu da goyo a baya. Sai da na riƙa auna musu masara daga rumbuna.

Injiniya Ƙarami, Kaduna:
Ranka ya daɗe Baban Ummi, ni nawa wata huɗu ya yi, ta intanet na cika, tunda tun 2022 aka koma tsarin eMC+, wato shafin gwamnati na neman lasisin haƙa. Ka sa a duba maka lambobin taswirar filinka da kyau. Na ga fayiloli da yawa da suka maƙale don gefen fili ya hau kan na wani, mai shi kuma bai sani ba, yana ta zarya. Amma ko wata huɗun ya ci ni: a Yuni takardar ta fito, ruwa ya riga ya sauka, tifa ba ta shiga daji. Kuɗin hayar katafilar da na biya tun rani haka ya tafi, aiki sai bayan kaka.

Baban Ummi, Bauchi:
Na gode Injiniya, ban taɓa tunanin maganar taswira ba, gobe in sha Allahu zan nemi safiyon da ya auna mana. Ɗaya daga cikin abokan jarina ya ce in Babbar Sallah ta wuce ba labari, a sayar da injin a ba shi kasonsa. Akwai wanda ya taɓa karɓar sa hannun magada ta hanyar wakili guda aka amince? Ya taimake ni da yadda ya bi.