Baƙin rami ko baƙar rijiya? Neman sunan da yara za su riƙe

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ana so a koya wa 'yan aji biyar abin da Turawa ke kira "black hole" ta hanyar wasa, wato wuri a sararin samaniya mai tsananin ƙarfin ja, wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. An saba jin "baƙin rami". Sunan ya isa?

Mai Nahawu: Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba, kuma a waya illarsa ke fitowa. Yawancin masu rubutu ba sa lanƙwasa ƙ, sai ya koma "bakin rami". Shi kuwa abin yana da bakinsa na gaske, wato iyakar da in haske ya tsallake ta ba ya dawowa. Rubutu ɗaya ya ɗauki abu biyu ke nan. Shawarata a ce baƙar rijiya, iyakar kuma bakin rijiya. Ko an yar da lanƙwasa, "bakar" da "bakin" ba sa haɗuwa.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, rijiya ta sama kaɗai ake faɗa mata. Wannan kuwa dunƙulalle ne, ta kowane gefe ana afkawa. Kuma ba fanko ba ne, nauyi ne aka cusa a ɗan wuri: sai an matse Rana ta koma kilomita 6 a faɗi kafin ta zama shi, Duniya kuwa ta gaza santimita 2. Ni "hana-fita" na fi so.

Mai Nahawu: Hana-fita ya yi kama da dokar gwamnati, Injiniya. Rami ma ai baki ɗaya gare shi. Rijiya ta fi shi da zurfi, kuma yaron da ya san bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne ya riga ya gane rabin darasin.

Malamar Kimiyya: A wasan ma rijiya ce ke bayyana. Yadi mai roba, mita biyu, yara takwas su ja gefuna daidai ƙugu. Atamfa ba ta talewa, kada a ɓata lokaci da ita. A aza dutse mai kilo biyu a tsakiya, a gangaro 'ya'yan boris ta gefe, ba a miƙe ba. Mai gudu ya wuce, mai sanyi ya kewaya ya faɗa. Inda wasan ke yaudara: gogayya da yadi ce ke cinye gudun boris, sai yara su ɗauka abin zuƙe komai yake yi. A faɗa musu, da za a musanya Rana da baƙar rijiya mai nauyinta, Duniya za ta ci gaba da kewayenta, duhu da sanyi ne kawai.

Injiniya: Na sallama. Saura yadda aka gan ta. Hoton farko ya fito ranar 10 ga Afrilu 2019, na wadda ke tsakiyar gungun taurarin da ake kira M87, mai nauyin Rana sau biliyan 6.5. Na'urori takwas a sassan duniya suka haɗu suka kama igiyar rediyo mai tsawon milimita 1.3. Wannan fannin nazarin fa, da Turawa ke kira "radio astronomy", me za a ce masa? "Sauraron samaniya"?

Malamar Kimiyya: A'a, sauraro zai sa su zaci sauti ne. Igiyar rediyo dangin haske ce da ido ba ya gani. A ce nazarin samaniya da igiyar rediyo, na'urar kuma faifan rediyo, irin na Kuntunse a Ghana mai faɗin mita 32.

Injiniya: Don nuna aikin faifan, a kafa tsoffin dish biyu suna fuskantar juna, tsakani mita goma. Yaro ya yi raɗa a inda ake ɗaura 'yar na'urar da ke gaban dish ɗin, ɗayan ya kai kunne daidai wurin a nasa. In ba a ji ba, a sunkuyar da su gaba: dish ɗin gida sama da inda ya fuskanta yake kallo, da wajen digiri ashirin da wani abu.

Mai Nahawu: Amma ga sautin ya dawo ta taga. Malama, sai ki ce musu faifan kaɗai aka aro, muryar ba ta cikin darasi.